Neman takardar aure a ƙaramar hukuma: shaida ce kawai, ko sabon aure za a ɗaura mana?

Baban Hanifa:

Assalamu alaikum jama'a. Ina neman shawarar waɗanda suka san harkar rajistar aure, musamman lauyoyi da waɗanda suka taɓa aiki a ƙaramar hukuma, domin kaina ya ɗaure.

Ni malami ne a wata kwalejin kimiyya, ina zaune a Zariya. An ɗaura aurena a 2021 a ƙofar gidan surukina bayan sallar Juma'a, yadda aka saba: ƙanin mahaifinta ne waliyyi, baffana ya karɓa mini, aka ambaci sadaki, aka shafa fatiha, aka raba goro da alawa. Babu wanda ya rubuta komai. Abin da ke hannuna daga wannan rana katin gayyata ne da hotuna, sai ɗan bidiyo a wayar ƙanina. A 2022 Allah ya ba mu 'ya mace.

Yanzu na samu gurbin digiri na uku a wata jami'a a Ingila. Tun Janairun 2024 suka hana yawancin ɗalibai tafiya da iyali, amma ba su hana masu digirin bincike irin nawa ba, don haka niyyata in tafi da maiɗakina da yarinyar. Cikin takardun da ake nema akwai shaidar aure. Wani abokin aikina ya ce in je sakatariyar ƙaramar hukuma kawai, can ake bayarwa.

Na je. Ɗaki ɗaya ne a ƙarshen baranda, da benci a waje, da allo a jikin bango an manna masa takardu, kowace da hoton fasfo biyu, namiji da mace, wasu har rana ta koɗar da su. Matar da na tarar ta karɓe ni da mutunci. Ta ce zan cike fom, in kawo hotunanmu a manna na kwana 21, in yi takardar rantsuwa, daga nan mu dawo ni da iyalina da shaidu biyu a ɗaura mana aure a gaban magatakarda. Na ce mata ai mu da aurenmu har da rabo, shaida kaɗai nake so. Ta ce su wannan takardar ce kawai suke da ita. Ina fitowa wani mutum ya biyo ni har wajen babur, ya ce in ba na son jira zai fito mini da ita cikin kwana biyu, kuma a sa mata kwanan watan 2021. Ban ba shi komai ba, lambarsa ma ban karɓa ba.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne kwanan wata. Idan na bi hanyar da matar ta faɗa, takardar za ta nuna a bana muka yi aure, ita kuma takardar haihuwar 'yata tana cewa 2022. Duk wanda ya ɗora takardun nan biyu a kan tebur zai karanta cewa an haife ta kafin aure. Na san Bature bai damu da wannan ba, amma ni na damu. Takarda tana daɗewa fiye da mai ita, kuma wata rana yarinyar nan za ta girma ta buɗe jakar takardun gida. Ba na son ta ga abin da zai sa ta tambayi kanta, ko wani ya samu bakin magana a kanta.

Sannan rantsuwar, me zan rantse a kai? Idan cewa zan yi ba ni da aure, ai ƙarya ce ƙarara. Surukina kuma da ya ji maganar ya ce shi bai yarda a sake ɗaura wa 'yarsa aure a ofis ba, auren da aka yi a ƙofar gidansa me ya rage masa? Ni ma ban samu amsar ba shi ba. Don Allah wanda ya sani ya warware mini: wannan takarda ta ƙaramar hukuma shaidar auren da na riga na yi ce, ko wani abu ne dabam?

Sani Mai Shago:

Malam, kowa haka yake yi. Abokina da ya tafi bara da irin wannan takardar auren rajistar ya tafi. Ka cike fom ɗin ka jira kwana 21 ɗin, ai takarda ce kawai, aurenka na Musulunci yana nan yadda yake. Na bayan fagen nan dai ka rabu da shi.

Dattijo Mai Ritaya:

Wa alaikumus salam, ɗana. Na daɗe ina riƙe da littafin sanarwar aure a wata ƙaramar hukuma a kudancin Kaduna kafin in ajiye aiki, don haka bari in faɗa maka abin da ke faruwa a cikin wannan ɗakin. Sani, ka yi haƙuri, ba takarda ce kawai ba.

Abin da matar nan ta lissafa maka ba ita ta ƙirƙiro ba. Dokar Aure ce, wadda ta samo asali tun 1914 zamanin Turawa, yanzu kuma tana Babi na M6 a kundin dokokin tarayya na 2004. Mataki na farko sanarwa ce, ita muke kira Fom A. Ɗaya daga cikin masu niyyar aure ya sa hannu, mu shigar da ita littafin sanarwa, mu manna kwafi a inda jama'a za su gani. Allon da ka gani ke nan. Kwana 21 ɗin ba don wahalar da mutane aka sa ba. An sa ne don wanda ya san wani dalili da zai hana auren ya zo ya rubuta ƙin amincewarsa a gefen sunayen, da sunansa da adireshinsa da hujjarsa. Da zarar an rubuta, hannun magatakarda ya ɗaure, sai Babbar Kotu ta saurari maganar. Na ga wannan da idona: wata mata ta zo goye da yaro, ta tsaya a gaban allon ta daɗe tana kallon hoton mijinta kusa da na wata, sannan ta shigo ta nemi biro.

In kwanakin sun cika ba wanda ya ɗaga murya, sai rantsuwa. Abubuwa huɗu ake rantsewa a kai: cewa ɗayanku ya zauna a yankin aƙalla kwana 15 kafin a ba da izini, cewa kowannenku ya kai shekara 21, in bai kai ba a kawo yardar iyaye a rubuce, cewa babu dangantakar jini ko ta surukuta da ta haramta auren, da cewa babu ɗayanku da ke da auren al'ada da wani mutum dabam, ban da wanda zai aura yanzu. Ka lura da wannan na ƙarshe, domin ya amsa tambayarka. Doka ba ta ce ka rantse kai tuzuru ne ba. Ta san akwai waɗanda suka riga suka yi aure a gida sannan suka zo ofis, kuma ba ta hana su ba muddin su biyun ne dai. A zamanina idan irinku suka zo, a gurbin matsayin mutum muna rubuta cewa suna da aure a tsakaninsu. Duk ma'aikacin da ya ce ka rubuta ba ka taɓa aure ba, kada ka sa hannu. Wanda ya faɗi ƙarya da saninsa a takardun aure, dokar ta tanadar masa ɗaurin shekara biyar.

Bayan rantsuwa magatakarda zai ba da Fom C. Wannan shi ne izinin aure na ainihi, kuma yana da wa'adi: in wata uku ya wuce daga ranar sanarwa ba a ɗaura ba, komai ya rushe, sai a sake daga farko. Da shi mutum zai je majami'ar da ke da lasisi a ɗaura tsakanin ƙarfe 8 na safe zuwa 6 na yamma, ko a ɗaura a ofishinmu tsakanin ƙarfe 10 zuwa 4, ƙofa a buɗe, gaban shaidu biyu. Sai an gama ake cike Fom E, takardar shaidar da kake nema, ango da amarya da shaidu su sa hannu, a ba su ɗaya, ɗaya ta zauna a ofis. Mai gaggawa yana iya neman izini na musamman, wanda ke ɗauke jiran kwana 21, amma wannan ikon Ministan Cikin Gida ne, ba a bakin ƙofar sakatariya ake sayar da shi ba.

Kafin a sa hannu akwai jawabin da doka ta ɗora wa magatakarda ya yi wa ma'auratan, na ji shi har na haddace. Ma'anarsa ita ce daga yanzu kun zama miji da mata a doka ko da ba a yi wani biki na addini ba, auren nan ba ya warwarewa muddin kuna raye sai da hukuncin kotu, kuma wanda ya ƙara wani aure a kansa ya yi laifi, za a hukunta shi. Da Turanci ake karantawa, da sauri, mutane suna ta ɗaukar hoto, shi ya sa da yawa ba sa jin abin da aka ce musu. To ka ga surukinka bai yi kuskure ba, aure ne ake ɗaurawa.

Shi kuwa wanda ya biyo ka wajen babur, ka gode wa Allah da ba ka saurare shi ba. Takardun nan lamba gare su a jere, kowace da gindinta a littafi. Takardar da aka rubuta wa 2021 alhali littafin 2021 bai san da ita ba, wasiƙa ɗaya daga ofishin jakadanci ta isa ta tona ta.

Baban Hanifa:

Baba, Allah ya saka muku da alheri, ya ƙara lafiya. Kun cire mini nauyin rantsuwar. Amma jawabin magatakardan nan ya ƙara tsorata ni, domin ko kusa abokin aikina bai ambata shi ba. In na fahimce ku, kwanan watan da zai hau Fom E na ranar da aka ɗaura a ofis ne, ba yadda za a yi ya koma baya ta hanyar gaskiya. To mu da muka yi auren Musulunci, wace takarda ce tamu?

Maman Godiya:

Sannu ɗan'uwa. Ni Kirista ce daga Jos, mu wannan hanyar ita ce tamu, bari in ƙara kan abin da Baba ya faɗa ko zai amfani wani mai karatu. Lokacin aurenmu, bayan an gama na gargajiya an biya sadaki, kwamitin aure na coci ya sa mu gwajin jini da zaman shawara, sannan fasto ya ce ba zai sa rana ba sai mun kawo takardar izini daga ƙaramar hukuma. Muka je aka manna hotunanmu, a coci kuma ana ta sanarwa ranakun Lahadi. Muka karɓo Fom C muka miƙa wa fasto. Ranar aure bayan wa'azi aka kawo tebur gaban jama'a, muka sa hannu a Fom E, mu da iyayenmu.

Abin da nake so mutane su kiyaye: ba kowace majami'a ce ke da lasisin ɗaura irin wannan aure ba. 'Yar ƙanwar mahaifiyata an yi mata biki babba, farar riga da komai, aka ba su wata takarda mai ado da zanen kurciya, suka sa a firam. Sai da maigidanta ya rasu, ana maganar haƙƙoƙinsa na wajen aiki, aka ce mata wannan takardar coci ce kawai, albarka aka sa musu, a doka auren gargajiya ne a tsakaninsu. Ta samu haƙƙinta daga baya, amma ta sha yawo tana cikin makoki. Don haka a tambayi fasto kai tsaye ko cocin na da lasisi, kuma a duba takardar da aka bayar ko ta gwamnati ce mai lamba. Kuɗin ofis kuwa ya bambanta daga wuri zuwa wuri, duk abin da aka biya a karɓi rasit.

Kai kuma ɗan'uwa, maganar 'yarka ta taɓa ni. Kada ka bari gaggawar tafiya ta sa ka karɓi takardar da ranka bai kwanta da ita ba.

Lauya a Kaduna:

Malam Baban Hanifa, Baba ya gama bayanin yadda ake yi, ni zan yi magana kan abin da ke biyo baya, domin shi ne ke kawo mutane ofishina.

Dokar Najeriya ta san aure iri uku: na Musulunci, na al'ada, da na rajista wanda muke kira auren kotu. Babu wanda ya fi wani inganci. Aurenka na 2021, da waliyyi da sadaki da shaidu da siga, cikakken aure ne a idon dokar ƙasa ko da ba a rubuta harafi ɗaya ba. Kundin Tsarin Mulki na 1999 da kansa ya ware auren Musulunci da na al'ada daga cikin auren da majalisar tarayya ke yi wa doka, ya kuma ba Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a hurumin sauraron batutuwan auren Musulmi. Abin da ka rasa hujja ce a rubuce, auren kam kana da shi.

In ka ɗora auren kotu a kansa, ka shigar da gidanka ƙarƙashin wata doka dabam. Na farko, aure ne na mace ɗaya. Sashe na 35 na Dokar Aure ya hana wanda ke cikinsa ƙulla wani aure na al'ada, sashe na 47 kuma ya sa ɗaurin shekara biyar ga wanda ya yi. Na san za a ce wa aka taɓa ɗaurewa. Ba kasafai ake gurfanar da kowa ba, gaskiya ne, amma illar ba a gidan yari take fitowa ba, a ranar rabon gado take fitowa, lokacin da lauyan uwargida zai miƙe ya ce auren amarya bai inganta ba. A wasu jihohi, Legas misali, wanda ya yi auren rajista ya rasu bai bar wasiyya ba, dokar rabon gado ta jihar ce ke hawa kan dukiyarsa. Iyalin da suka zaci za a raba musu bisa fara'id sai su tsinci kansu cikin shari'ar da za ta ci shekaru.

Na biyu, rabuwa, Allah ya kiyaye. Auren kotu ba ya mutuwa da furucin saki, ba ya mutuwa da kul'i a gaban alƙali. Dokar 1970 ta shari'o'in aure ta ce Babbar Kotu ce kaɗai ke raba shi, sai an gamsar da ita cewa auren ya lalace ba gyara, kuma a shekara biyun farko ba a ma shigar da ƙara sai da izinin kotu, in ban da wasu 'yan dalilai. Mace ce ta fi cutuwa a nan. Miji ya sake ta, ta gama idda, ta samu wani miji a ɗaura, a addini ba ta da laifi ko kaɗan, amma a takarda har yanzu matar na farko ce. Na riƙe irin wannan shari'a, ba na fatan ta ga kowa.

Ba ina cewa Musulmi ba zai iya auren rajista ba. Wasu suna yi da saninsu, sun zaɓa, wannan tsakaninsu da malamansu ne. Abin da ba na so shi ne mutum ya shiga don neman biza, bai san ya shiga ba.

Ga abin da zan ba ka shawara. Ka nemi takardar shaidar auren Musulunci wadda za ta ɗauki ainihin ranar ɗaurin aurenka. Ka fara da limamin da ya ɗaura, masallatai da yawa yanzu suna da littafi da takarda mai hatimi. Sannan ka je kotun Shari'a ta yankinku da waliyyi da shaidu biyu da suka halarta, a tabbatar da auren, a ba ka takarda da hatimin kotu. Za ta nuna ranar da aka rubuta ta, bana, ta kuma nuna ranar da aka ɗaura, 2021. Babu ƙarya a ciki, kuma matsalar kwanan watan 'yarka ta kau. Ka haɗa da takardar rantsuwa daga Babbar Kotu. In wani ɓangare da Hausa ko Larabci aka rubuta, a fassara wajen mai fassara da zai sa sunansa da hannunsa. Idan inda za ka kai sun nemi tantancewa, Ma'aikatar Harkokin Waje a Abuja ke buga hatimin. Ƙa'idar da Ingila ke bi ita ce auren da ya inganta bisa dokar ƙasar da aka ɗaura shi, ya inganta a wajensu. Duk da haka ka buɗe shafin gwamnatinsu ka karanta jerin takardun da kanka, kada ka dogara da ejan.

Ga masu son auren rajistar kuma, ku san an daɗe ana jan igiya tsakanin ƙananan hukumomi da Ma'aikatar Cikin Gida kan wa ke da iko. Tsarin mulki ya lissafa rajistar haihuwa da mutuwa da aure cikin ayyukan ƙaramar hukuma, ya kuma bar dokar ƙulla auren rajista a hannun tarayya. A Disambar 2021 Babbar Kotun Tarayya a Legas ta taƙaita ofisoshin tarayya zuwa na Ikoyi da na Abuja, a 2023 Kotun Ɗaukaka Ƙara ta soke wannan hukunci. Don haka kafin ka biya ko sisi, ka tambayi wurin da za ka kai takardar wacce suke karɓa.

Maman Ilham:

Na karanta duka, kuma na gode wa Barista. Amma ina da ƙorafi ɗaya: an ji ta bakin abokin aiki, an ji ta suruki, ba a ji ta matar ba. Malam, ka zaunar da ita ka karanta mata abin da Baba da Barista suka rubuta, duka, har da maganar mace ɗaya, kada ka tsallake. Auren nata ne kamar yadda yake naka, kuma ita za ta bar danginta ta bi ka ƙasar da ba ta san kowa ba. Akwai matan da in sun ji sharaɗin za su so shi, akwai waɗanda in sun ji maganar rabuwa sai Babbar Kotu za su ce a'a. Ko wanne ta zaɓa, ta zaɓa da saninta.

Sannan ina roƙon iyaye, mu daina aurar da 'ya'yanmu babu rubutu. Yayata da mijinta ya rasu, ma'aikaci ne, sai da ta bi mai unguwa da dagaci da kotu kafin a yarda ita matarsa ce, tana cikin takaba, bayan 'ya'ya biyar. Liman yana zaune, waliyyi yana zaune, shaidu sun cika layi, me zai hana a ɗauko takarda a rubuta suna da rana da sadaki a sa hannu kafin a watse? A Kano tun 2024 doka ta wajabta gwajin lafiya kafin aure, mutane suna zuwa asibiti suna karɓo sakamako a rubuce, ba wanda ya ce addininsa ya ragu. Takardar auren ma haka ya kamata ta zama, kuma a ba amarya kwafinta a hannunta, ba a jakar miji kaɗai ba.

Abu Fatima:

Ina Ingila yanzu da iyalina, ni ma karatu ya kawo ni, kuma ban yi auren kotu ba. Takardar kotun Shari'a na bayar, da ta rantsuwa, da takardun haihuwar yara na Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa masu ɗauke da sunana da na mahaifiyarsu. Na ƙara da hotunan biki da takardar haya. Nawa ke nan, ban ce na kowa zai zo daidai da shi ba. Abin da na lura suna dubawa shi ne labarin ya tafi daidai: ranar aure, ranar haihuwa, adireshi, sunaye. Takardar bogi kuwa in suka kama, suna iya hana mutum shiga har shekara 10, karatun ma ya tafi. Kada ka manta da gwajin tarin fuka, sai a asibitin da suka amince da shi, ka nemi rana da wuri don layi yana tsawo gab da fara zangon karatu.

Baban Hanifa:

Jama'a na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Hajiya Maman Ilham, maganarki gaskiya ce. Na karanta mata komai daren jiya bayan yarinya ta yi barci. Ta yi shiru, sannan ta ce in sake karanta mata wajen rabuwa. Da na gama ta ce ita auren da aka ɗaura a ƙofar gidansu ya ishe ta, amma tana son kwafin takardar a hannunta kamar yadda kika ce, kuma a rubuta sadakin yadda yake. Na yi mata alkawari.

Na samu liman, ya tuna auren sarai, ya ce zai rubuta ya sa hatimi. Ƙanin mahaifinta yana ƙauye wajen Giwa, na kira shi ya ce zai shigo ranar Litinin. Baffana da ya karɓa mini auren Allah ya yi masa rasuwa bara, amma maƙwabcin surukina da wani abokina suna wurin, sun yarda su tsaya shaida. Surukina da kansa ya ce zai raka mu kotun.

Barista, saura abu ɗaya. Da na jera takardunta na ga sunan ƙarshe bai zo ɗaya ba. A fasfo da katin ɗan ƙasa sunan mahaifinta ne, a takardar haihuwar yarinya kuma an rubuta ta da sunana. Wanne za mu ba kotu?

Lauya a Kaduna:

Ku ba da wanda ke fasfo, harafi da harafi, har da yadda aka jera sunayen. Ka riƙe fasfon a hannunka lokacin da magatakardan kotu ke rubutawa, ka karanta kafin a buga hatimi, domin gyara bayan hatimi wahala ne. Bambancin da ke takardar haihuwar kuma, ita da kanta za ta yi takardar rantsuwa a Babbar Kotu cewa sunayen biyu nata ne, a ambaci lambar fasfon da lambar takardar haihuwar a ciki. Ku yi ta rana ɗaya da rantsuwar auren. Allah ya jiƙan baffanka, ya sa a tafi a sa'a.